Muna karɓar Universal Credit, banki zai ba mu bashin sayen gida kuwa?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga wannan harka. Muna zaune a wani gari kusa da Manchester a Ingila, ni da maigidana da yaranmu biyu, ɗaya shekararsa 7, ɗaya 4. Maigidan yana aiki a sito, cikakken mako, a kan mafi ƙarancin albashi, wato fam 12.21 a awa a adadin 2025, abin da ke tashi wajen fam 23,800 a shekara kafin a cire haraji. Ni kuma ina kama aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare, 'yan awoyi ne, bai fi fam 6,000 a shekara ba. Gwamnati tana cika mana da Universal Credit, tallafin masu ƙaramin samu, kusan fam 800 a wata, ga kuma Child Benefit, wato tallafin yara. Haya fam 750 muke biya, mai gidan kuma ya soma maganar ƙari. Mun tara fam 9,000, kuma dukkanmu muna da takardar zaman dindindin.

A unguwar da ke bayanmu ana sayar da gidaje masu ɗaki biyu a kan fam 140,000. Shin banki zai ba irinmu bashin sayen gida? In sun zo lissafin abin da muke samu, suna sa kuɗin tallafin a ciki, ko albashi kawai suke dubawa? Wata maƙwabciyata ta ce da zarar sun ga Universal Credit a takardar asusunka, shi ke nan sun rufe fayil.

Direban_Dare:
Wa alaikumus salam. Maƙwabciyarki ta yi gaskiya Hajiya. Ni na je bankin da nake ajiya tun zuwana ƙasar nan, yarinyar ta danna kwamfuta ta ɗago ta ce abin da za su iya ba ni ko rabin kuɗin gida bai kai ba. Na tashi na kama gabana.

Uwar_Biyu:
Malam Direba, banki ɗaya fa ka je. Kowane banki da ƙa'idarsa. Wani yana lissafa kuɗin tallafi gaba ɗaya, wani rabi yake ɗauka, wani sai in akwai albashi tare da shi, wani kuma ba ya kallonsa sam. Mu a 2021 muka saya, an sa mana Child Benefit a lissafi, an kuma sa kuɗin DLA, wato tallafin masu nakasa, na ɗana mai lalura. Ba da ƙafarmu muka shiga banki ba, dillalin mogej, wato bashin sayen gida, muka samu, irin wanda yake duba kasuwar gaba ɗaya, ba wanda yake wa banki ɗaya aiki ba. Shi ya san wane banki ke karɓar me.

Maman Hanif kada ki yi ta zagaya bankuna kina cika fom. Duk cikakkiyar nema da kika yi tana barin tabo a tarihin bashinki, na gaba ya gani ya ce me ya sa waɗancan suka ƙi.

Mai_Lissafi:
Hajiya Maman Hanif, a takarda tambayarki tana da amsa: e, akwai bankunan da za su saurare ku. Yawancinsu suna ba da ninki 4 zuwa 4.5 na abin da gida ke samu a shekara. Albashinku ku biyu fam 29,800 ne, ninki 4 ya ba da fam 119,200, ninki 4.5 ya ba da 134,100. Child Benefit na yara biyu, a adadin 2025, fam 26.05 ne da fam 17.25 a mako, wato wajen fam 2,250 a shekara, shi ma yana ɗan ɗaga lissafin. Gidan fam 140,000, in kun ba da kashi 5 cikin ɗari kafin alƙalami, wato fam 7,000, sai ku nemi bashin 133,000. Kuna bakin gaɓa, amma ba abu ne da ya gagara ba.

To amma ga inda nake so ki tsaya ki duba da kyau. Fam 800 ɗin nan da kuke karɓa, akwai kason haya a ciki. Buɗe shafinki na Universal Credit ki ga nawa aka rubuta a layin gida. Ranar da kuka zama masu gida wannan kaso ya tafi, domin na haya ne, ba a biyan mogej da shi. Banki ya san haka, shi ya sa ko masu lissafa Universal Credit ɗin suke fara cire kason haya tukuna. Faɗa mini adadin in ƙarasa miki.

Maman_Hanif:
Na duba Malam. Fam 600 suka rubuta a wajen gida. Ragowar 150 ɗin mu muke cikawa.

Mai_Lissafi:
Madalla. To fam 600 za ta fita. Sai dai abu biyu za su dawo muku. Na farko, akwai adadin albashin da ake ɗauke wa kai kafin a fara rage tallafi. A adadin 2025, ga masu yara da ke karɓar kason haya fam 411 ne a wata, ga waɗanda ba sa karɓa fam 684. Abin da ya haura wannan ne ake cire kwabo 55 a kowace fam. Bambancin fam 273 ke nan, kashi 55 ɗinsa wajen fam 150, wannan zai dawo. Na biyu, yanzu haka ana rage muku kuɗi saboda ajiyarku. Duk fam 250 da ta haura 6,000 ana cire fam 4.35 a wata. Ku da kuke da 9,000 ana cire muku fam 52.20. In kuɗin ya shiga gida wannan ma ya tsaya, don gidan da mutum yake zaune a ciki ba a lissafa shi a dukiya.

Saboda haka 800 a cire 600, a ƙara 150, a ƙara 52, kun koma wajen fam 400 a wata.

Yanzu biyan bashin. A ce kun samu ruwan kashi 5 cikin ɗari, shekara 30, fam 133,000 zai riƙa cin fam 714 duk wata. Mutane sai su ce ai ya fi hayar 750 sauƙi. Ga mai albashi zalla haka ne. Ku kuwa kun rage fam 36 a wajen biya, kun rasa fam 400 a wajen shiga. Duk wata aljihunku zai yi ƙasa da kusan fam 360, kafin a zo maganar inshorar gini da gyara. Banki ya yarda ko bai yarda ba, wannan ita ce tambayar da za ku zauna ku amsa ke da maigida: gidanku zai iya rayuwa in an cire fam 360 daga cefanen wata?

Maman_Hanif:
Innalillahi. Wallahi mu duk a tunaninmu 750 za ta koma 700 da wani abu, shi ke nan.

Bakatsine77:
Mai Lissafi kana tsorata baiwar Allah. Fam 750 ɗin da take ba mai gida ta tafi har abada, shekara 20 za ta yi tana biya ko ƙofar banɗaki ba tata ba ce. Kuma duk ranar da ya tashi sayar da gidan ya miƙo mata takardar tashi. Mu sau biyu ana tashinmu da yara a tsakiyar zangon karatu, ba mu yi laifin komai ba, mai gida ne kawai ya ce zai sayar. Wanda bai taɓa kwasar katifa cikin ruwan Janairu ba ba zai gane darajar makullin da ba mai karɓe shi ba.

Mai_Lissafi:
Bakatsine ban ce kada su saya ba. Cewa na yi su shiga da idonsu biyu. Kuma ka lura, cikin fam 714 ta watan farko, wajen 554 kuɗin ruwa ne, 160 ce kawai take rage uwar bashin. A shekarun farko banki ne mai gidan hayarka, sai dai shi ba ya zuwa gyaran boila.

Almajirin_Malam:
Ni abin da ya ba ni mamaki, an yi ta lissafi har da kwabbai, ba wanda ya ce uffan kan cewa wannan riba ce. Mai Lissafi da bakinsa ya ce 554 kuɗin ruwa ne. Ku ninka 714 sau wata 360 ku gani, ya haura fam 257,000 a kan bashin 133,000. Ayoyin ƙarshen Baƙara a bayyane suke, mai ci da mai bayarwa duk hadisi ya haɗa su. 'Yar uwa ki ji tsoron Allah, haya ba abin kunya ba ce.

Kawu_Birmingham:
Ɗana Almajirin Malam, maganarka tana kan hanya, ba wanda ya halatta riba a nan. Amma ka sani malamai sun zauna a kan wannan mas'ala. Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai ta yi zama a Dublin a 1999, ta ba da fatawa cewa Musulmin da ke zaune a waɗannan ƙasashe, wanda ba shi da gidan kansa, kuma bai samu hanyar da ta dace da shari'a ba, zai iya karɓar mogej don gidan da zai zauna da iyalinsa, ba na kasuwanci ba. Wasu malaman sun yi mata raddi tun a lokacin, har gobe ba su yarda ba. Saɓani ne sananne. Kowa ya je wajen malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa.

Almajirin_Malam:
Kawu, da girmanka, sharaɗin fatawar ai shi ne babu wata hanya. A 1999 kusan babu. Yanzu akwai bankunan Musulunci a Ingila. Ina larurar take?

Yar_Gombe:
Tunda an zo nan bari in sa baki, don mu ta wannan hanyar muka saya. Ba bashi suke ba ka ba. Ku sayi gidan tare, kai da kasonka su da nasu, kana biyan haya a kan nasu kason, kana kuma saye shi kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Musharaka ce da ijara a haɗe. Al Rayan, wanda aka kafa a 2004 da sunan Bankin Musulunci na Birtaniya, da Gatehouse da StrideUp su ne sunayen da za ki fi ji. Tun 2003 gwamnati ta gyara doka don kada a biya harajin sayen gida sau biyu a irin wannan ciniki.

Amma Maman Hanif in gaya miki gaskiya, masu yin wannan ba su da yawa, don haka ba ki da zaɓi irin na sauran kasuwa, kuma mu da muka kwatanta, biyan watanmu ya fi na maƙwabtanmu da suka bi banki na yau da kullum. Binciken samu kuma iri ɗaya ne, hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi ce ke sa ido a kan duka biyun. In fam 360 ɗin Mai Lissafi ta yi muku nauyi a can, a nan ma tana jiranku, wataƙila har da ƙari. Mun zaɓi hakan ne don mu yi barci da kwanciyar hankali, ba don sauƙi ba.

Direban_Dare:
Wasu ma cewa suke sunan kawai aka canza, hayar tana tashi tana sauka tare da ruwan Babban Bankin Ingila.

Yar_Gombe:
Suna duba farashin kasuwa wajen yanka haya, gaskiya ne. Amma kwangilar daban ce, kuma akwai malaman da suka sa mata hannu. Ni dai ba zan yi gardamar fiƙihu a nan ba.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri. An ji ɓangarorin biyu. Hajiya ta san inda za ta nemi fatawa, a koma kan abin da ta tambaya.

Sabon_Zuwa:
Salam. Ni bizar aikin kula da tsofaffi gare ni, iyalina suna nan tare da ni, yara uku. In na nemi Child Benefit zai taimaka mini wajen samun mogej nan gaba?

Uwar_Biyu:
Kul! Ɗan uwa kada ka kuskura. Duba bayanan bizarka, za ka ga an rubuta ba ka da izinin taɓa kuɗin gwamnati. Child Benefit da Universal Credit duk suna ciki. In ka karɓa ka karya sharaɗin biza, kuma zai iya tsaya maka a wuya ranar da ka je sabuntawa ko neman zaman dindindin. Maman Hanif ta faɗa tun farko cewa su suna da takardar dindindin, shi ya sa zancen nasu daban. Mai biza zai iya samun mogej da albashinsa, amma bankuna da yawa za su nemi kafin alƙalami mai kauri.

Anti_Zongo:
Ƙanwata Maman Hanif, ba wanda ya kawo miki zancen Shared Ownership, kuma a ganina ya fi dacewa da irin halinku. Kina sayen wani kaso na gidan, daga kashi 10 zuwa 75, ragowar yana hannun ƙungiyar gidaje kina biyan haya a kai. Sharaɗin samu shi ne kada gida ya haura fam 80,000 a shekara, a Landan 90,000, ku kam kun shiga. Ga misali: gidan fam 180,000, ki sayi kashi 40, fam 72,000 ke nan. Kafin alƙalamin kashi 5 na kasonki ne kawai, fam 3,600. Hayar ragowar yawanci kashi 2.75 ce a shekara, a kan 108,000 ta kama fam 247.50 a wata.

Abin da ya sa na ce ya dace da ku: wannan hayar, Universal Credit tana iya biyanta, har da wasu kuɗaɗen kula da gini. Wato kason gidanku ba zai ɓace gaba ɗaya ba yadda Mai Lissafi ya nuna a sayen kai tsaye. Ni haka na yi bayan rasuwar mijina, da albashin shara a asibiti. Yau ba mai buga mini ƙofa ya ce in tashi.

Bakatsine77:
Anti, Allah Ya jiƙan Alhaji. Amma ki faɗa mata ɗaya gefen. Hayar tana hawa duk shekara. Kuɗin kula da gini, musamman a bene, ba shi da linzami, abokina a shekara uku nasa ya kusa ninkawa. Kashi 40 gare ka amma a tsofaffin kwangiloli gyaran cikin gida duk a kanka yake. In ka tashi sayarwa sai ka fara ba ƙungiyar dama ta nemo mai saye. In kuma za ka ƙara kaso, da farashin ranar za ka saya, ba na ranar da ka shiga ba.

Anti_Zongo:
Duk gaskiya ne. Shi ya sa na ce wa duk wanda ya tambaye ni ya nemi gida mai ƙofarsa a ƙasa, ya guji bene mai lif. Kuma a ba lauya takardun ya karanta kafin a sa hannu, a tambaye shi shekara nawa suka rage a kwangilar.

Mai_Lissafi:
Ƙari kan maganar Anti: in kuna karɓar kason haya, to adadin da ake ɗauke wa kai yana nan a 411, ba zai koma 684 ba. A sa wannan a lissafi. Akwai na'urorin lissafin tallafi kyauta a shafin Turn2us da entitledto. Ki shigar da bayananku sau uku: a matsayin 'yan haya, a matsayin masu gida, a matsayin masu kaso. Ki rubuta abin da ya rage a hannu a kowanne bayan an biya gida.

Dan_Damagaram:
Ni fa duk wannan wahalar ban ga amfaninta ba. Fam 9,000 in ka aika gida ka sayi fili ka fara gini, ba bashi, ba riba, ba mai aiko maka wasiƙa. Shekara 30 kana biyan gidan da bangonsa ke tsatsar ruwa, alhali ƙarshenta gida za mu koma.

Uwar_Biyu:
Malam na Damagaram, kai za ka koma. Tambayi yaranka ko za su bi ka.

Kawu_Birmingham:
Mu da muka zo a shekarun 1980 duk haka muka ce. Ga mu nan da jikoki.

Mai_Lissafi:
Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci a maganar Ɗan Damagaram. Mai karɓar Universal Credit, fili ko gidan da yake da shi a Kano ko Zinder dukiya ce a idon hukuma, wajibi ne ya bayyana. In jimillar dukiyarka ta haura fam 16,000 tallafin ya tsaya cak. Aika kuɗi gida a sayi fili bai fitar da shi daga lissafi ba.

Sannan matsayin mai sayen gidan farko, wanda ke sa a yafe maka harajin saye har zuwa fam 300,000 tun daga Afrilun 2025, sharaɗinsa shi ne ba ka taɓa mallakar gida ba ko'ina a duniya, har da na gado. Wanda kuma yake riƙe da wani gida da ya kai darajar fam 40,000, ko a wace ƙasa yake, ana ɗora masa ƙarin kashi 5. A gidan 140,000 fam 7,000 ke nan. Mutanenmu da yawa suna da kaso a gidan gado ba su ɗauke shi komai ba, sai lauya ya miƙo fom. Maman Hanif ki tambayi maigida tun yanzu.

Maman_Hanif:
Gidan gadonsu yana nan a Zariya amma ba a raba ba, mahaifiyarsu ce a ciki. Zan sa ya yi wa lauya bayani in mun kai nan.

Wani abin kuma, da na so mu ƙara tara kuɗin ya kai kashi 10 don ruwan ya sauka. Yanzu na ga in mun tara ana rage mana, in mun wuce 16,000 a yanke gaba ɗaya. To ta ina talaka zai bi?

Yar_Gombe:
Tarkon ke nan. Gwamnati ɗaya tana ce maka tara ka sayi gida, tana kuma cin tararka in ka tara. Ko kuɗin da ke cikin Lifetime ISA, asusun ajiyar da ake tara kuɗin sayen gidan farko, ana lissafa shi. Duk da haka in ɗayanku bai kai shekara 40 ba ku buɗe, kuna zuba har fam 4,000 a shekara, gwamnati ta ɗora kashi 25, wato har fam 1,000. Sai asusun ya shekara kafin a yi sayen gida da shi, in kuma kuka cire don wani abu daban za a yanke kashi 25. Ku zaɓi wanda ya dace da aƙidarku, don na ajiyar kuɗi yana ba da ruwa. Akwai kuma Help to Save na masu Universal Credit da ke aiki, fam 50 a wata, a ba ka rabin abin da ka tara kyauta, a shekara 4 ya kai fam 1,200. Kowannenku zai iya buɗe nasa.

Kashi 10 na 140,000 fam 14,000 ne. Da kuɗin lauya da na mai duba gini kun taɓo 16,000 ɗin. Sai an yi takatsantsan da lokaci.

Direban_Dare:
Ku shiga adashe mana, kuɗin ba ya zama a asusu.

Uwar_Biyu:
Malam Direba kada ka jefa su a rami. Ɓoye dukiya ga masu tallafi laifi ne, in an gano sai ka biya duk abin da ka karɓa. Ban da haka ma, ranar saye lauya sai ya ga asalin kowace fam. Ƙawata ta kwashi adashe fam dubu biyar ta zuba a asusu a dunƙule, da aka zo saye lauya ya ce ta kawo shaida. Uwar adashe ba ta da komai sai littafin makaranta da take rubuta sunaye, wasu ma da laƙabi. Cinikin ya tsaya makonni, mai gidan ya gaji ya sayar wa wani. In za a yi adashe a yi ta banki, kowane zubi da sunansa. In kuma ɗan uwa ne zai taimaka daga gida, sai da wasiƙar cewa kyauta ce ba rance ba, da shaidar inda shi ma ya samu.

Kuma ku sani banki zai karɓi takardun asusu na aƙalla wata uku yana bi layi-layi. Kuɗin da kuke aika wa iyaye duk wata za su gani, wasu su lissafa shi cikin nauyin da ke kanku. Ban ce a daina aika wa tsofaffi ba, amma a gaya wa dillali tun farko. Sayen kaya biya-daga-baya da cin bashin asusu kuwa a bar su tun yanzu.

Kawu_Birmingham:
Ku yi rajistar zaɓe a adireshin da kuke, yana taimaka wa tarihin bashi don da shi ake tabbatar da inda mutum yake. 'Yan Najeriya da Ghana da Kamaru masu izinin zama suna da wannan dama saboda ƙungiyar Commonwealth. Sannan ku duba rahotonku a Experian da Equifax da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi. Tsohon bashin waya da aka manta yana zama shekara 6 a rubuce.

Dan_Damagaram:
Mu 'yan Nijar an bar mu a baya ke nan, Kawu.

Kawu_Birmingham:
Sai ka karɓi fasfon ƙasar, ɗana. Ni gidan kansul, wato na ƙaramar hukuma, na saya a ƙarƙashin Right to Buy, dokar da Firayim Minista Thatcher ta kawo a 1980 mai ba ɗan haya damar sayen gidan da ragi. A da ragin yana da yawa har banki ya ɗauke shi a matsayin kafin alƙalami. Tun Nuwamban 2024 an dawo da shi tsakanin fam 16,000 da 38,000 gwargwadon yanki, Scotland da Wales kuwa sun soke shi tuntuni. Ga mai hayar gidan kansul ne, su Maman Hanif da ke hayar ɗan kasuwa bai shafe su ba.

Bakatsine77:
Akwai ma wanda ba a ba da kafin alƙalami sam. Skipton, masu ba da bashin gida, sun fito da shi a 2023, in ka nuna ka biya haya wata 12 a jere ba fashi.

Mai_Lissafi:
Akwai, amma bashin 140,000 cif ya fi na 133,000 nauyi a wata, kuma in farashin gidaje ya ɗan sauka bashinka ya fi gidanka. Matsalarsu ba kafin alƙalami ba ce, suna da shi. Biyan wata ne.

Kuma a tuna ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Ana ɗaure shi shekara 2 ko 5 ne, sannan a sake ciniki. Ruwan Babban Bankin Ingila yana 0.1 har zuwa Disambar 2021, ya kai 5.25 a Agustan 2023. Waɗanda suka saya lokacin araha sun ji a jikinsu da wa'adinsu ya cika. Uwar Biyu za ta ba ku labari.

Uwar_Biyu:
Kada ka tuna mini. Namu ya ƙare a 2023, sai da na ƙara aikin Asabar.

Sabon_Zuwa:
To in mutum ya saya sai aiki ya tsaya fa? Gwamnati ba ta taimakawa?

Anti_Zongo:
Akwai abin da suke kira SMI, taimakon biyan ruwan mogej. Sai ka yi wata 3 a kan Universal Credit, sannan su taimaka da kuɗin ruwa kawai, a kan bashin da bai wuce fam 200,000 ba. Tun 2018 kuma rance ne, ana ɗora shi a kan gidan, ranar da ka sayar su cire abinsu da ruwansa. Ɗan haya in aiki ya tsaya kason hayarsa yana nan. Mai gida shi da bankinsa ne.

Maman_Hanif:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka da alheri. Mun kira wani dillali jiya, ya yi mana gwajin da ba ya barin tabo. Ya ce akwai bankuna biyu da za su lissafa Child Benefit da abin da ya rage na Universal Credit bayan cire haya, tunda yaran ƙanana ne, da sun kusa 16 da wasu ba za su sa ba. Adadin da ya faɗa ya kusa abin da muke nema, bai dai kai ba. Ya ce in na ƙara awoyi, in kawo takardun albashi na wata uku.

Maigida shi hankalinsa ya fi karkata ga hanyar su Yar Gombe, ya ce zai ga malaminsa ranar Juma'a. Ni kuma maganar Anti Zongo ce take yi mini yawo a kai. Ƙaramin zai fara yini a makaranta, don haka ƙarin awoyin zai yiwu.

Mai_Lissafi:
In kin ƙara awoyi ki tuna kowace fam da kika samu kwabo 45 ne naki, 55 za a rage a tallafi. A wajen banki dai fam ɗin albashi ta fi ta tallafi daraja, don kowa yana lissafa ta cif.

Bakatsine77:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, a saya ko da ƙarami ne. Matsin shekara biyar ne, albashi yana hawa, bashin yana nan yadda yake.

Almajirin_Malam:
Allah Ya sa maigidan ya samu malami mai faɗa masa gaskiya.

Direban_Dare:
Tunda ga masana, ni da nake tuƙin tasi ba ni da takardar albashi, me dillalin zai nema a wajena?

Uwar_Biyu:
Takardun harajinka na shekara biyu, wasu su karɓi na shekara ɗaya. Kuma ribar da ka bayyana wa hukumar haraji ita za su ninka, ba abin da mita ta nuna ba.